Mene ne "cobblestone", kuma shi ne intalok ɗin da ake sa wa a tsakar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina fassara wani ɗan labari daga Turanci, sai na ci karo da kalmar "cobblestones". Ƙamus ya ce duwatsun da ake shimfiɗa hanya da su ne. Shafi biyu gaba sai ga "flagstones", ƙamus ya sake ba ni kusan wannan amsar. Ga shi kuma mai aikin da zai gyara mana tsakar gida ya rubuta "cobblestone" a takardar kuɗin aiki, alhali na san intalok zai sa. Duk abu ɗaya ne? Kuma yaya zan faɗe su da Hausa?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Ba abu ɗaya ba ne. Ƙamus ɗinka bai yi maka ƙarya ba, kuɗin goro kawai ya yi musu, domin ƙaramin ƙamus ba shi da filin tsayawa rarrabewa. Dukansu kayan daɓe ne, amma Bature ya ba kowanne suna gwargwadon yadda dutsen ya samu siffarsa. Wani ruwa ne ya goge shi, wani mutum ne ya sassaƙa shi, wani kuma dama can falle-falle Allah ya halicce shi, ɓanɓarowa kawai ake yi. Na gidanku kuwa ba dutse ba ne ma, siminti ne, za mu zo kansa.

Ainihin "cobblestone" mulmulallen dutse ne da ake tsintowa a rafi ko a bakin teku, wanda ruwa ya yi shekara da shekaru yana gangarawa da shi har kaifinsa ya tafi. Ba a sassaƙa shi. Yadda aka tsinto shi haka ake kafa shi a cikin yashi ko kwaɓi, a jera kusa da kusa, a buga ya zauna. Kalmar ta tsufa, ta haura shekara 500 a Turanci, kuma daga "cob" ta fito, wato curi ko dunƙule. In ka taɓa zuwa bakin kogi da rani, inda ruwa ya janye ya bar duwatsu sumul-sumul kamar an wanke su da sabulu, to ka ga "cobbles", ba a dai kai ga jera su ba. Masana duwatsu ma sun ari kalmar sun yi mata iyaka da awo. A ma'aunin da wani Ba'amurke mai suna Chester Wentworth ya fitar a 1922, "cobble" shi ne dutsen da faɗinsa ya kama daga milimita 64 zuwa 256, kamar daga lemon zaƙi zuwa babbar kankana ke nan. Wanda bai kai haka ba "pebble" ne, dangin tsakuwa, wanda ya zarce kuma "boulder".

Na taɓa taka irin wannan titi da ƙafata, a wani ɗan tsohon gari da ake kira Rye a kudu maso gabashin Ingila, a layin Mermaid Street da baƙi ke cika don ɗaukar hoto. Layin gangare ne, an ɗan yi yayyafi, ga ni da takalmin fata mai santsin ƙasa, ina jan akwati mai taya. Kowane dutse da nasa ƙusumbin, ƙafa ba ta samun wuri ɗaya da za ta sauka daidai. Akwatin kuwa ƙara yake yi kamar an ɓarar da kwanuka, har wata tsohuwa ta leƙo ta taga, ni kuma kunya ta sa na sungume shi na rungume har ƙarshen layin. A hoto gwanin sha'awa, a ƙafa kuma sai wanda ya taka. Na ba ka wannan labari ne saboda fassararka. Idan marubuci ya ce keken doki ya bi ta kan "cobbles", ba bayanin kayan gini yake yi maka ba. So yake ka ji ƙwaramniyar taya da ƙarar kofato, ka ji tsufan garin, sau da yawa har da matsattsen lungu da danshi.

Wannan wahala ce ta sa a ƙarni na 19 manyan biranen Turai suka raja'a ga wani dutsen daban. Sai a fasa dutse mai tauri, galibi giranait, a sassaƙa shi ya zama mai kusurwa huɗu kamar ƙaramin bulo, samansa a shimfiɗe, a jera shi layi-layi ko a yi masa zubin baka-baka kamar mafici. Taya ta fi tafiya a kansa, kofaton doki kuma yana samun wurin kamawa a tsakanin layukan. Sunan wannan "sett", da harafin t biyu, amma furucinsa ɗaya da "set". Garin Aberdeen na Sikotland ya yi suna wajen fasa shi, ana lodawa a jiragen ruwa zuwa Landan. A Amurka "Belgian block" suke ce masa, wato bulon Beljiyam. Baƙaƙen duwatsun da ke shimfiɗe a tsoffin titunan birnin Rum na Italiya, waɗanda mutanen garin ke kira "sampietrini", su ma wannan dangin ne.

To ga inda gizo ke saƙar. An sauya dutse, amma bakin jama'a bai sauya suna ba. Yau mafi yawan titunan da Bature zai nuna maka ya ce "cobbled street", in ka duƙa ka duba, sassaƙaƙƙun duwatsu za ka gani masu kusurwa huɗu, ba na rafi ba. Kalmar "sett" ta tsaya a bakin magina da injiniyoyi da masu kula da kayan tarihi. Bature da yawa bai san ta ba sai da wata ma'anar daban, ramin wata dabbar dawa da suke kira "badger". Dubi tseren keken nan na Paris-Roubaix da ake yi a arewacin Faransa tun 1896. Abin da ya sa ya yi suna shi ne fiye da kilomita 50 na hanyar a kan tsohon daɓen dutse ake bi, wanda ya ci ma dutse guda ake ba shi a matsayin kofi. Faransawa na ce wa dutsen "pavé", kuma sassaƙaƙƙe ne, amma duk mai sharhin wasanni da Turanci "the cobbles" yake cewa, ba wanda ke tsayar da shi. Haka duwatsun da ɗalibai suka tono daga titunan Faris a watan Mayun 1968 suna jifan 'yan sanda da su, "cobblestones" za ka ga an rubuta a jaridun Turanci. A nan Afirka ma, ƙasar Habasha ta daɓe unguwanni da yawa a Adis Ababa da Adama da wasu garuruwa da dutsen da matasa ke sassaƙawa da hannu, kuma kowa "cobblestone" yake kiransa.

Akwai masu ɗaga hanci su ce duk wannan kuskure ne. Ni ban yarda da su ba. Mu ma haka muke yi. "Kwalta" daga "coal tar" muka samo ta, baƙin ruwan da ake tatsowa daga kwal, alhali titunan yau da baƙin man da ake samu wajen tace fetur ake yin su. Kayan ya sauya, suna ya zauna, kuma babu wanda zai ce Bahaushe ya yi kuskure don ya ce an zuba kwalta. Saboda haka "cobblestone" tana da ma'ana biyu a raye: matsattsiya ta masu sana'a, wato dutsen rafi, da faffaɗa ta kowa da kowa, wato duk wani tsohon daɓe na ƙananan duwatsu mai sa mota rawa. A hira da adabi, faffaɗar ake nufi. A takardar kwangila kuwa, dole a tsaya a tantance.

Wajen amfani da ita a jimla babu wuya. Suna ne da ake ƙirgawa, kuma kusan kullum a jam'i yake zuwa, don ba a daɓe da dutse ɗaya. Mutanen Birtaniya sun fi gajarta shi su ce "the cobbles", titin kuma "a cobbled street". Amurkawa sun fi cewa "a cobblestone street". Duka daidai ne, ka dai riƙe ɗaya a rubutu ɗaya.

"Flagstone" kuwa wani abu ne can daban, kuma ina da tabonsa. Farkon shigata aikin fassara, an ba ni wani rubutu da ke bayanin tsohon gidan gona, a ciki aka ce "a flagged passage". Ban ko buɗe ƙamus ba, don ina ganin wa bai san "flag" ba? Na rubuta "wata 'yar hanya da aka ƙawata da tutoci". Dattijon da ke duba mana aiki ya karanta, ya cire tabarau, ya tambaye ni a hankali ko bikin me ake yi a hanyar zuwa madafar manomi da har aka kafa tutoci. Ranar na san cewa "flag" biyu ce. Ta tuta daban, ta dutse daban. Ta dutsen daga harshen mutanen arewacin Turai na da ta shigo Turanci, daga "flaga", wato falle ko ɓawon dutse.

Shi "flagstone" faffaɗan dutse ne marar kauri sosai, abin da za mu kira falalen dutse. Asalinsa yashi ne ko laka da ta kwanta hawa-hawa ta daskare ta zama dutse, shi ya sa yake tsagewa falle-falle kamar shafukan littafi. Guda ɗaya kan kai faɗin dadduma, wani ya fi. Ba a cika sa shi inda manyan taya ke bi ba, don nauyi na iya fasa shi. Wurinsa gefen titi inda masu ƙafa ke bi, da farfajiya, da daɓen coci, da madafar tsoffin gidaje. Wanda ya fi suna a Ingila shi ne "Yorkstone" na yankin Yorkshire, wanda aka daɓe gefen titunan Landan da yawa da shi, sai na Caithness a can ƙurewar arewacin Sikotland. Ana cewa "flagstones", ana gajartawa a ce "the flags", daɓen kuma "a flagged floor". Don haka a labarin da kake fassarawa, ina kyautata zaton a shafin farko mutumin yana waje ne a kan titi, a shafi na uku kuma ya shiga gida ko farfajiya. Marubucin ya sauya kalma ne don ƙasan da ake takawa ya sauya: can ƙwaramniya, nan sanyi da santsi da amon takun mutum ɗaya.

Yanzu bari in kai ka ga abin da ya fi burge ni a wannan zance, shi ne kuma zai warware maka matsalar Hausar. Kalmar da ta haɗa duk waɗannan kayan daɓe ita ce aikatau "pave", danginta su ne "paving stone" da "paver" da "pavement". Ta biyo ta Faransanci daga Latin, harshen Rumawan da, daga "pavire", ma'anarta kuwa a buga, a daddanna ƙasa har ta yi tauri. "Pavimentum" a wurin Rumawa shi ne ƙasan ɗaki da aka buga ya zauna. Wannan ai daɓe ke nan, babu ragi babu ƙari. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san shi. Na tuna ana shirin kawo amarya gidanmu, mata suka taru aka baza tsakuwa a ɗakin, aka yayyafa ruwa, kowacce ta durƙusa da madaɓinta, suna bugawa tare suna waƙa, bugun na tafiya da waƙar. Bayan ya sha bugu aka bi shi da ruwan makuba, ya yi duhu yana ƙyalli, ya yi taurin da ko an zubar da ruwa ba ya narkewa. Abin da Barume ya sa wa suna ke nan shekara dubu biyu da suka wuce. Shi ya sa nake ganin duk mai fassara "paving stones" da "duwatsun shimfiɗa hanya" ya bar kalmarsa ta gado a gida ya tafi aro. "Duwatsun daɓe" ta fi gajarta, ta fi zama a baki, kuma ita ce ma ta fi kusa da asalin kalmar Turancin.

Wani abin dariyar shi ne "titi" ɗinmu ma tushenta Latin ɗin ne. Daga "street" ta zo mana, shi kuma "street" daga Latin "strata", wato shimfiɗaɗɗiyar hanya, irin waɗanda Rumawa suka yi ta ginawa da duwatsu, kamar hanyar Appia da aka fara a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ka ga Bahaushe bai yi nisa da asali ba da yake bambanta titi da hanyar burji.

Sai dai ka yi hattara da "pavement", tana da fuska biyu. A Birtaniya gefen titi ne inda masu tafiya a ƙasa ke bi. A Amurka wannan wurin "sidewalk" ne, "pavement" kuma shi ne doron titin kansa inda motoci ke gudu. In Ba'ingile ya ce yaro ya tsaya a kan "pavement", tsira yake nema masa. In ka karanta wannan jimlar da kunnen Ba'amurke, ka tura yaro tsakiyar motoci. Injiniyoyin hanya kuma, har da namu, idan suka ce "pavement" jikin titin suke nufi da duk hawa-hawan da ke ƙarƙashin kwaltar. Ka duba ɗan ina ne marubucinka kafin ka fassara. Karin maganar nan tasu kuwa, "pave the way", ba ta buƙatar dutse ko ɗaya a Hausa: share fage ne, ko share hanya.

Akwai wani tarko kuma da ɗalibai ke yawan faɗawa. "Cobbler" ba mai daɓen dutse ba ne, mai gyaran takalma ne, wanda muke kira shumeka. Ƙamus na ware su a matsayin kalmomi biyu. Daga ta gyaran takalman ne aka samu "cobble together", wato a harhaɗa abu cikin gaggawa, a yi masa ɗinkin ɓarawo don dai ya kai yau. A Amurka kuma "cobbler" na iya zama wani kayan zaƙi da ake gasawa da 'ya'yan itace. In kuwa ka ji ɗan Landan ya ce "cobblers" da ƙarfi bayan ka gama magana, cewa yake shirme ka faɗa, kuma ba kalmar da za ka maimaita a gaban manya ba ce.

Mu dawo tsakar gidanku. Intalok siminti ne da yashi da ƙananan tsakuwa da ake zubawa a ma'auni a matse. Irin wannan bulon daɓe ya bunƙasa ne a Holan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jan bulon da suka saba daɓe tituna da shi ya yi ƙaranci saboda ana buƙatarsa wajen sake gina gidaje. Sunansa a Turancin Birtaniya "block paving", a Amurka "pavers", mu kuma muka ɗauki siffar "interlocking", wato masu sarƙe juna, muka yanke ta muka mai da ita suna. 'Yan'uwanmu na Nijar da "pavé" suka san shi, kalmar nan dai ta tseren keke. Bature ba zai kalli intalok ya ce "cobblestone" ba. Amma a kasuwar kayan gini ana sa wannan suna ga wani samfurin bulon siminti ƙanana masu gogaggun gefuna da aka yi don su kwaikwayi tsohon daɓe, ana kuma sa shi ga giranait na gaske da aka yanka ƙanana. Mai aikinku yana iya nufin ɗaya daga cikin biyun, yana kuma iya zama kalmar ce kawai ta yi masa daɗi a takarda. Tsakanin siminti da giranait kuwa akwai tazarar kuɗi mai yawa.

Don haka kada ka sa hannu a kan kalma. Ka ce ya kawo guda ɗaya ka riƙe a hannunka, sannan a rubuta a takardar ko siminti ne ko dutse, da kaurinsa. Mai kaurin milimita 60 ya isa tsakar gida da ƙaramar mota, inda tankar ruwa ko tifa za ta shiga kuwa sai mai 80. Ka tambaye shi kuma me zai zuba a ƙasa kafin yashi, da yadda zai ɗaure gefuna, don intalok ba daga sama yake lalacewa ba, daga ƙasa da gefe yake bajewa in damina ta sauka. Dutsen rafi na ainihi dai ba zan ba ka shawarar sa shi a inda tsofaffi ke zuwa alwala da asuba ba.

A fassararka kuma, ga yadda ni zan yi. "He heard a cart rattling over the cobbles" zan ce: ya ji ƙwaramniyar amalanke a kan daɓen duwatsun titi. Ba sai na ce na rafi ne ko sassaƙaƙƙe ba, tunda marubucin ma bai damu ba. In labarin ya tsaya yana siffanta su, ya ce mulmulallu ne masu santsi, sai in ce daɓen duwatsun rafi. "Her feet were cold on the flagstones" kuma: sanyin falalen duwatsun daɓen ya ratsa tafin ƙafarta. In "setts" ta fito, wanda da wuya a labari, sassaƙaƙƙun duwatsun daɓe ta wadatar. Ka turo mini jimlolin biyu yadda suke a littafin, da layi ɗaya kafin kowacce da ɗaya bayanta, in ga ko a titi mutumin yake ko ya riga ya shiga gida.